Waiwaye: Yadda Rikicin Makarantu Da Haraji Ya Shigar Da 'Yan Ibanjelika Siyasar Amurka

Idan ka tambayi mutane abin da ya tura Kiristoci 'yan Ibanjelika (Furotesta masu ba wa'azin bishara fifiko) fararen fata na Amurka cikin jam'iyyar Republican, galibi za su ce maka zubar da ciki ne, su kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta shi a wancan lokaci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba daga nan gizo ya fara saƙar ba. Daga ƙofar makaranta ya fara.

Tun asali akwai tabo. A 1845 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar Baftis ta Kudu a garin Augusta na jihar Jojiya, bayan 'yan'uwansu na arewa sun ƙi yarda a naɗa mai bayi a matsayin ɗan mishan. Sai a 1995 ƙungiyar ta fito fili ta nemi gafara.

A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata. Jihohin kudancin Amurka suka yi tsalle suka dire. Gundumar Prince Edward a Bajiniya ta gwammace ta rufe makarantunta ƙurmus daga 1959 zuwa 1964 da ta ga yaro baƙar fata kan benci ɗaya da yaro farar fata. Iyaye fararen fata suka dinga buɗe makarantun kuɗi, da yawansu a harabar coci. Fasto Jerry Falwell na Lynchburg ya yi wa'azin sukar hukuncin a 1958, a 1965 kuma ya ce aikin fasto wa'azi ne, ba zanga-zanga ba, yana nufin su Martin Luther King. Ku riƙe wannan maganar, domin shi ne zai warware ta da kansa.

Labarin da ya fi sosa min rai shi ne na Sam Oni, matashin da ya taso a Ghana ya karɓi bishara a hannun 'yan mishan na Baftis. Jami'ar Mercer ta 'yan Baftis a jihar Jojiya ta ɗauke shi a 1963. Wata Lahadi a 1966 ya doshi cocin Tattnall Square da ke harabar jami'ar, dattawan cocin suka tare shi a bakin ƙofa, aka kira 'yan sanda. Mutanen da ke zuba baiko don a kai wa Afirka bishara sun ga ɗan Afirkan ya zo ibada, sun ce ba za su zauna da shi ba. Faston da ya goyi bayan a buɗe ƙofa kuwa, aikinsa ya rasa.

Sai maganar kuɗi ta shigo. A 1969 wasu iyaye baƙaƙen fata a gundumar Holmes ta Misisifi suka kai ƙara: ta yaya makarantar da ke korar 'ya'yansu za ta ci moriyar yafiyar haraji? Kotu ta ba su gaskiya a 1971. Hukumar haraji ta IRS ta fara bibiya, ta kai ga Jami'ar Bob Jones a Karolina ta Kudu, wadda ba ta ɗaukar baƙar fata ko ɗaya kafin 1971, kuma ko da ta fara ɗauka sai ta haramta soyayya tsakanin baƙi da fari. A 1976 aka janye mata yafiyar. A 1978, zamanin Jimmy Carter, wanda shi kansa ɗan Baftis ne mai koyar da darasin Lahadi, hukumar ta fito da ƙa'idoji masu tsauri kan makarantun kuɗi. Wasiƙun ƙorafi sama da dubu 100 suka yi mata ruwa. Fastoci ba su ce suna kare wariya ba, cewa suka yi gwamnati ta sa hannu cikin al'amuran coci. Shekara guda bayan haka Falwell ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci mai suna Moral Majority, a 1980 suka mara wa Ronald Reagan baya.

Paul Weyrich, ɗan gwagwarmayar masu ra'ayin riƙau wanda ya ƙulla wannan tafiya, ya faɗa da bakinsa cewa matakin IRS ne ya tayar da su, kamar yadda masanin tarihi Randall Balmer ya ruwaito. Hujja ma tana nan: a 1971 taron Baftis na Kudu ya amince a halatta zubar da ciki a wasu yanayi kamar fyaɗe, ya sake jaddadawa a 1974. A lokacin, ana ganin yaƙi da zubar da ciki aikin Katolika ne.

Wasu masana na cewa Balmer ya zaƙe, domin hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati a 1962, fafutukar 'yancin mata da tsoron kwaminisanci duk sun taka rawa. Na yarda da su zuwa wani mataki, kuma ba na shakkar cewa miliyoyin masu ƙin zubar da ciki a yau da zuciya ɗaya suke yi. Shahararren mai wa'azin bishara Billy Graham ma tun 1953 ya kwance igiyar da ke raba baƙi da fari a taronsa na Chattanooga. Amma baƙaƙen fata 'yan Baftis da ke karanta Littafi Mai Tsarki ɗaya, masu riƙo da al'ada ɗaya, Democrat suke zaɓa, yayin da kusan kashi 80 cikin 100 na fararen 'yan Ibanjelika suka zaɓi Trump a 2016.

Jami'ar Bob Jones ta sha kaye a Kotun Ƙoli kan batun yafiyar harajin a 1983, alƙalai 8 suka yanke hukunci a kanta, 1 ya goyi bayanta. Dokar hana soyayyar dai ba ta soke ta ba sai a Maris na 2000, bayan ziyarar kamfe ta George W. Bush ta jawo mata surutu.