Wanda aka ce a mayar gida shi ma yana da haƙƙin magani

Jama'a akwai maganar da ake yawan faɗa wa 'yan jinya in ciwo ya fi ƙarfin asibiti, "ku koma da shi gida a ci gaba da addu'a". Addu'a kam dole ce, amma mu da muke shiga gidaje duba marasa lafiya mun san abin da ke biyo baya, mai ciwon daji da ya kai ƙashi ko juya shi za a yi a gyara shimfiɗa sai ya yi ƙara, dare ya raba yana nishi, matarsa na gefe da mafici ba abin da za ta iya sai sannu, ga farasitamol an ba shi ko gezau. Ajali na Allah ne ba mai ɗage shi, amma wallahi wannan raɗaɗin yana da magani, mofin na ruwa da ake sha da baki, kuma ba tsada gare shi ba. Abin da ke hana shi isa gidan talaka tsarin gwamnati ne.

Ku dubi Yuganda, ba ta fi mu kuɗi ba. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa, ƙungiyar kula da masu ciwon da ba ya warkewa, a Kampala suna haɗa garin mofin da ruwa suna kai wa masu jinya har gida, to a 2004 sai gwamnati ta gyara doka ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta shi tunda likitoci ba su kai ƙauye ba, kuma ita ke biya, mara lafiya kyauta yake karɓa.

Mu ma ba a ce ba a yi komai ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen rage raɗaɗi ga masu ciwon da ba ya warkewa tun 2007, Farfesa Olaitan Soyannwo na cikin waɗanda suka yi ta fafutuka, kuma a 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da tsarin ƙasa a kai. Sai dai har yau galibi a manyan asibitoci ake samun maganin, mai jinya daga ƙauye ina ya ga kuɗin mota kowane mako? Ga kuma tsoro, tun da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu illa har aka hana maganin tari mai kodin a 2018 wasu ma'aikatan ko sunan mofin ba sa son ji. Tsoron yana da dalili, ni ma ina goyon bayan a tsare shi da rajista da makulli, amma kar laifin 'yan shaye-shaye ya faɗa kan tsohuwar da ke kwance.

Don Allah in aka sallami naku ku tambayi likita kai tsaye, me za a ba shi na ciwo, ina ake samu, wa za mu kira in dare ya yi. Kar ku saya a kemis ko wajen 'yan talla. In an bayar da mofin bisa ƙa'ida ba ya gaggauta mutuwa kamar yadda ake yaɗawa, sai dai yana ɗaure ciki, don haka ku nemi a haɗa da mai sakin bayan gida, a ba shi a kan lokaci ba sai ciwon ya taso ba, a ɓoye kwalbar nesa da yara, abin da ya rage a mayar asibiti.

Masu zama a kwamitin lafiya na unguwa kuma ku tambayi ɗan majalisarku ko jihar ta sa wannan kulawar a kasafinta, da nas nawa aka tura horo.