Maganar da ke kai mutum kotu da wadda ba ta kaiwa

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa: ya riƙe ra'ayinsa, ya ji labari, ya kuma isar wa wani ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 kuma ya ce ana iya kafa dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wani, muddin dokar ta dace da ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Mutanen Jihar Kaduna sun san dalilin wannan togaciya. Rikicin Nuwamba 2002, wanda ya ci rayuka sama da 200, rubutun jarida ne ya kunna shi.

Dokar da aka fi kama mutane da ita kan abin da suka tura ta waya ita ce Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, musamman sashe na 24. Asali sashen ya haramta tura saƙon batsa, ko mai munin gaske, ko na razanarwa. Ya kuma haramta tura ƙarya da gangan don a ɓata wa wani rai, a takura masa, a zage shi ko a jefa shi cikin damuwa. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. To ina ɗan siyasar da suka ba ta ɓata wa rai? Da wannan ƙofa aka riƙa kwasar 'yan jarida da matasa, har Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana, ta umarci Najeriya ta gyara shi ko ta soke shi.

Gyaran bai zo ba sai Fabrairun 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya sa hannu. An cire zancen ɓacin rai da zagi da takura. A wannan ɓangare abu biyu suka rage: batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce amma ya tura don a karya doka da oda ko a jefa rai cikin haɗari.

A ce wani matashi a Tudun Wada ya ɗauki hoton kwatar layinsu da ta toshe, ruwa ya malalo har bakin shago, ya rubuta cewa kansilansu bai tsinana musu komai ba. Ko kansila ya kwana bai yi barci ba don takaici, wannan ba laifi ba ne a sashe na 24. Wani kuma yana zaune a ɗakinsa ya naɗi murya, "Jama'a kowa ya yi ta kansa, an fara kashe-kashe a Sabon Gari," alhali ya san ko kaza ba a yanka ba. Kafin la'asar 'yan kasuwa sun ja ƙofofi, masu Keke Napep sun juya, iyaye sun bazama makarantu neman 'ya'yansu. Wannan shi doka ke nema. Wanda ya tura gaba bisa rashin sani yana da hujjar kare kansa, tunda dokar ta ce sai an san ƙarya ce, sai dai a gaban alƙali zai kawo hujjar, bayan ya sha zaman benci.

Kada dai a ɗauka an buɗe ƙofar cin mutunci. Barazanar kisa ko duka tana nan a sashen, kuma hukuncinta ya fi tsanani. Sashe na 26 ya hana zagin mutum a bainar jama'a saboda ƙabilarsa. Ɓata suna kuwa laifi ne a Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka, wadda Jihar Kaduna ta sabunta a 2017, kuma wanda aka yi wa ƙazafi na iya neman diyya. Ka ce kansila bai yi aiki ba, ra'ayinka ne. Ka ce ya saci kuɗin kwata, sai ka zo da shaida.

A ganina gyaran bai kai ba, domin "karya doka da oda" magana ce mai faɗi, kuma bayan 2024 ba a daina kama 'yan jarida da sunan wannan sashe ba. Wanda aka kama ya san cewa sashe na 35 na Kundin ya ba shi ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa, kuma dole a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40.