Ku daina cinna wa gona wuta, kuna ƙone gawon gobe

Kowace shekara abu ɗaya ne. Da bazara ta kama, a share gona tas, a tara kara da ganye, a cinna wuta, sannan damina ta zo a ce gawo ya daina tsirowa. Ina zai tsira, 'yan'uwa manoma, bayan kun ƙone wurin da zai kwanta?

Irin gawo ɓawonsa tauri gare shi. Shanu da awaki ne ke cin 'ya'yansa, ɓawon ya yi laushi a cikinsu, su kasayar da shi a gona cikin taki. Abin da yake nema bayan haka kaɗan ne: ƙasa mai laushi da 'yar rufa ta ganye da za ta riƙe masa raɓa. Ɗan tsiron kuma ƙasa yake fara bi da saiwarsa, abin da ke sama bai wuce taƙi ba, shi ya sa ba ku ganinsa. Wuta kuwa tana ganinsa.

A dazukan sanyi na Kanada da Suwidin, ganye da gansakuka ne suka yi kauri har iri ya kasa taɓa ƙasa, sai ma'aikatan daji sun kankare da inji. Mu namu akasin haka ne. Ƙasar da aka tsiraita, zafinta da tsakar ranar bazara yakan haura digiri 50, iska ta kwashe lallausan, ruwan farko ya daɓe saura ta zama fako. A kan fako ruwa gudu yake yi, ya tafi da irin.

Za a ce toka ai taki ce. Tokar da iska ke kwashewa kafin shuka? Ku bar karan nan a kwance, gara ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Manoman Maraɗi da Damagaram sun rungumi sassaben zamani, wato rainon itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, tun wajajen 1984, yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo, galibi ba da dashe ba. Barinsu aka yi suka tsira.

Na san akwai buƙatar kara don dabbobi da danga, ba wanda ya ce kada a ɗiba. A ɗibi na buƙata, amma wutar nan dai a bar ta. Don Allah a bar ta.

Kafin shara:
- A zaga gona, duk tsiron gawo, kalgo ko aduwa a kafa masa sanda don mai huɗa ya gani.
- A shimfiɗa kara ko ganye kaurin yatsu uku, a bar tazarar tafin hannu daga jikin tsiron saboda gara.
- A kewaye shi da ƙaya, awaki ba su da ta ido.
- Kututture mai toho, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, a sare saura da kaifin adda daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage.
- Inda ya riga ya zama fako, a haƙa tassa, wato ƙananan ramukan tara ruwa, a zuba taki tafi biyu.