Ku rufe baranda da raga kafin ruwa ya sauka, ku kuma dubi ruwan da kuke tarawa cikin gida

Assalamu alaikum jama'ar Kabi, musamman magidanta da masu gini yanzu a Gesse, Badariya, Bayan Kara da sauran unguwannin Birnin Kebbi, har da 'yan uwa na Argungu, Jega, Bunza da Yawuri. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina shiga gida-gida da zama a asibitin sha-ka-tafi, kuma yau maganar kafinta da mai walda zan yi, don ta shafi aikinmu kai tsaye.

Duk gidan da muka shiga muka tambayi gidan sauro ana nuna muna, yana nan rataye, wani ma sabo fil cikin leda. To amma ƙarfe nawa ake shigarsa? Lokacin bazara da farkon damina babu mai iya zama ɗaki bayan magariba, ga zafi ga babu wuta, kowa tsakar gida yake ko baranda, a ci tuwo a nan, a yi hira a nan, yara su yi barci kan tabarma sai wajen sha ɗaya ko sha biyu a kwashe su a kai ɗaki, wasu ma nan za su kwana har asuba. Sauron da ke kawo maleriya kuwa macen ce ke cizo, kuma daga faɗuwar rana zuwa asuba take aikinta. Kun ga kafin yaro ya shiga gidan sauro an riga an gama da shi.

Mu kuma a Kebbi ba mu da halin wasa da wagga magana. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, mu ne kan gaba a duk Najeriya, alhali ƙasar gaba ɗaya kashi 22 ne. A binciken 2018 ma mu ne, da kashi 52. Dalilin bai ɓoyu ba, fadamar da ke ba mu shinkafa ita ke ba mu sauro, daga gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi har zuwa bakin Neja a Yawuri, ga noman rani ya sa ruwa ba ya yankewa. Shinkafa dai ba za a daina ta ba, kuma babu mai cewa a daina, sai dai mu gyara inda muke zama.

A Amurka, can jihar Fulorida, masu gida kan kewaye wurin ninƙayarsu da barandar bayan gida gaba ɗaya da firam ɗin alminiyam su ja masa raga har sama, saboda su ma ƙasarsu fadama ce mai zafi da sauro. Wasu in sun gani a Facebook sai su ce ai wannan harkar masu kuɗi ce. Nasu girman dai na masu kuɗi ne, amma dabarar babu wani abu a cikinta da kafintan unguwarku bai iya ba. Kuma nan kusa da mu an gwada, a Gambiya an yi bincike aka wallafa a 2009, gidajen da aka sa wa raga sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kusan rabi ko fiye, yaran gidajen kuma ƙarancin jini ya ragu a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2021 ta sa rufe gida da raga cikin shawarwarinta, a matsayin ƙari kan gidan sauro.

To ya ake yi? Idan kana da baranda mai rufin kwano ko rumfa da ke jingine da ɗaki, rabin aiki ya ƙare, saura bango. Kada a ja raga tun daga ƙasa, wannan shi ne kuskuren da na fi gani. A ɗora bulo layi uku ko huɗu tukun, sannan firam ya hau kai, in ba haka ba akuya za ta soke ta da ƙaho, kaji su tsattsage, yaro mai rarrafe ya tura da hannu, wata biyu ta zama tsumma. Firam ɗin in katako ne a shafe shi da maganin gara ko a yi masa fenti kafin a kafa, kuma kada ya taɓa ƙasa. In ƙarfe ne mai walda ya yi masa fentin hana tsatsa. Alminiyam ya fi su duka daɗewa amma ya fi tsada, kowa da ƙarfinsa. A raba bangon gida-gida ƙanana, kamar faɗin taga, kada a shimfiɗa raga doguwa babu abin da ya riƙe ta a tsakiya, don kun san iskar hadarin farkon damina a nan, wadda ke ɗauke kwano ba raga za ta ƙyale ba, in ɗaya ta yage kuma ita kaɗai za a canza.

Ragar kanta ku duba idonta da kyau a kasuwa. Wadda ake so ita ce mai ƙananan ido, kamar huda 16 zuwa 18 a inci ɗaya, wato kowace huda ba ta wuce milimita ɗaya da rabi ba. Wayar kejin kaji ba ta hana sauro komai, ana dai iya ɗora ta ta waje don ta kare mai ƙananan idon daga dabbobi. Akwai ta roba mai arha wadda rana ke cinyewa da wuri ta dinga farfashewa, akwai ta zaren gilashi mai rufin roba, akwai ta alminiyam da ta ƙarfe. Ni dai shawarata ɓangaren da rana ke duka da yamma kada a yi masa rowa. Kuma a ja ta ta miƙe, a danne bakinta da siririn katako ko ƙarfe, ba a buga mata ƙusa tsirara ba, don daga wurin ƙusar take fara yagewa.

Ƙofa ita ce ke ɓata aikin mutane da yawa. An kashe kuɗi an kewaye ko'ina, sai a bar ƙofa a hangame saboda yara na shiga da fita, ko a rataya labule a ce ya isa. Ƙofar raga ta buɗe ta waje, saboda sauro kan lafe a jikinta, in ka turo ta ciki ka shigo da shi. A sa mata sifirin ko ko robar tayar mashin ce ta dinga ja tana rufe kanta, ƙasanta kuma a liƙa roba ta share tazarar da ke tsakaninta da daɓe. Sannan ku ɗaga kai ku dubi tsakanin bango da kwano. Wannan 'yar tazarar da magina ke bari, ta nan sauron maleriya ya fi shiga ɗaki, yana bin warin jikin mutum da numfashinsa ya hau bango ya faɗa ciki. A toshe ta da laka ko siminti ko a ja mata raga, in akwai silin a duba inda ya ɓule.

Nasan abin da iyaye mata za su ce, wai raga na tare iska. Tana ragewa kaɗan, gaskiya ne, amma yawancin zafin da ake kuka da shi ƙurar hunturu ce ta toshe idon, ba a taɓa wanke ta ba tun da aka kafa. Burushi da ruwa da ɗan omo, shikenan. Sai dai dan Allah kada a shigar da janareto ko murhun gawayi wurin da aka rufe a kwana da shi, wannan ba sauro ba ne, iskar gubar da ke cikin hayaƙin na kisa kuma ba ta wari. Wanda kuma zai haɗa da ƙarfen ɓarayi ya bar hanyar fita ko da gobara.

Sai maganar ruwa, wadda ita ta fi damuna. Wurin ninƙaya irin na otal kaɗan ne ke da shi a gida a nan, amma kusan kowa yana da abin da ya yi kama da shi: rizabuwar da aka gina lokacin aikin gini aka bar ta buɗe, tankin ƙasa, rijiya marar murfi, kwatami, duro, ga kuma masu kiwon tarwaɗa a bayan gida da suka yi yawa yanzu. Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafinmu, don haka duk ruwan da ya yi mako a buɗe ku leƙa, in kun ga 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil to kiwonsu kuke yi. Sauron maleriya namu na gida ya fi son ruwan fili, sawun shanu da kududdufi da gonar shinkafa, amma mai zane fari da baƙi da ke cizo da rana, mai kawo shawara da zazzaɓin dengi, a randa da duro da tsohuwar taya yake haihuwa. Kuma akwai wani baƙon sauron maleriya daga Asiya da aka gano a jihar Gombe a 2020, shi tankin ruwan gida ne wurinsa. Saboda haka tanki a rufe shi ruf, bututun shan iskarsa da na sokawe a ɗaure musu raga a baki, randa da duro a juye a goge cikinsu duk mako. Mai wurin ninƙaya na gaske in zai yi tafiya ko famfonsa ya lalace, ya zubar da ruwan ko ya rufe, don in kulorin, maganin tsaftace ruwan, ya ƙare ruwan ya yi kore ya zama na sauro.

Amma ku ji ni da kyau iyayena, ragar sauro ba ta tare yaro. Kada wani ya ja raga kan bakin rizabuwa ko wurin kifi ya ce ya rufe, yaro ɗan shekara biyu in ya hau kai tare za su nutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, uwa na kicin tana kwashe tuwo ba za ta ji komai ba, ko bokitin wanki ya isa in kansa ya shiga. Rijiya da tankin ƙasa murfin ƙarfe ko siminti suke so da kwaɗo a kai. Wurin kifi ko na ninƙaya katanga ko shingen ƙarfe ta kowane ɓangare, tsayinsa ya kai ƙafa huɗu, ƙofarsa mai rufe kanta, sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai. Ragar sauro ta zo daga baya a kan wannan.

'Yan haya da waɗanda ba su da halin baranda gaba ɗaya, a fara da tagar ɗakin da yara da mai ciki ke kwana, sai ƙofar, sai tazarar kwano. Firam mai cirewa ma ana yi, in ka tashi ka tafi da abinka. Ku yi wa maigidan haya magana, wani zai yarda a cire a kuɗin haya.

Kuma ko an rufe ko'ina, gidan sauro mai magani yana nan daram, a rataya shi a cikin barandar in can za a kwana. Maganin rigakafin da muke bi gida-gida muna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina a karɓa, a cika na kwana ukun, kada a ba da na ranar farko a ajiye saura. Allurar rigakafin maleriya kuma da aka fara a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba 2024 kyauta ce, sau huɗu ake yi, a wata 5, 6, 7 da 15, kuma ta huɗun ce iyaye suka fi mantawa, a dubi katin yaro yau. In jikin yaro ya yi zafi a kawo shi a yi gwaji a ranar, kada a tsaya kemis a sayi rabin magani.