Tambayoyi da amsoshi: wane kaset ne ke aiki a kan Famicom ta Japan?

Mece ce Famicom, kuma me ya haɗa ta da NES?

Famicom na'urar wasan gem ce da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, 'yar ƙarama mai launin fari da ja, a kan farashin yen 14,800. Da aka zo kai ta Amurka a 1985 sai aka sauya mata riga da suna, ta koma babban akwati mai ruwan toka da ake kira NES. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce, wato Ricoh 2A03, kuma wasan da aka rubuta wa ɗaya a ƙa'ida ɗayar ma tana iya karanta shi. Matsalar duk tana wajen shigar da wasan, da kuma wasu ƙananan abubuwa da aka cire ko aka ƙara a hanya.

To me ya sa kaset ɗin NES ba ya shiga Famicom?

Bakinsu ne ba ɗaya ba. Kaset ɗin Famicom yana da haƙoran ƙarfe 60 a ƙasansa, na NES kuwa 72, kuma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Sai da adafta a tsakani. Abin dariya ma, a farkon sayar da NES wasu kaset-kaset irin su Gyromite, idan ka kwance su, allon Famicom ne a ciki an cusa shi a kan adafta aka rufe da babban murfi. Har yau masu tara tsofaffin kaya suna farautar irinsu don su cire adaftar.

Idan na sami adafta, shi ke nan?

Ya danganta da inda aka dosa. Daga NES zuwa Famicom abu ne mai sauƙi, domin Famicom ba ta da makulli, duk kaset ɗin da ya shiga bakinta za ta karanta. NES ce mai tsaro. An sa mata wani aisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki, da ake kira 10NES, wanda yake gaisawa da ɗan'uwansa da ke cikin kaset. Idan bai ji amsa daidai ba sai ya riƙa kashe na'urar yana kunnawa kowace daƙiƙa, jar fitilar gaba tana ta ƙyaftawa. Nintendo ta yi haka ne don kada kowane kamfani ya tashi ya buga wasa ba da izininta ba, bayan da ta ga yadda tarkacen wasanni suka durƙusar da kasuwar Amurka a 1983. Saboda haka adaftar da za ta kai kaset ɗin Japan cikin NES dole ta zo da nata aisin, ko kuma mai gyara ya yanke wa makullin ƙafa ta huɗu. Samfurin NES na 1993, mai bakin kaset a sama, an cire masa makullin baki ɗaya.

Wasan ya tashi, amma kiɗan ba kamar yadda na ji a intanet ba. Me ya faru?

Nan ne wurin da ya fi burge ni. A cikin haƙora 60 na Famicom akwai biyu da aikinsu shi ne su fitar da sauti daga na'urar zuwa cikin kaset, sannan su dawo da shi. Wannan ya ba kamfanoni damar dasa nasu aisin kiɗa a cikin kaset, ya gauraya sautinsa da na na'urar kafin ya isa talabijin. Konami ta yi haka da VRC6 a wasan Akumajō Densetsu na 1989, inda ta ƙara muryoyi uku a kan biyar na asali. Da aka kai wasan Amurka da sunan Castlevania III, sai da aka sake tsara kiɗan ya zama sirara, domin NES ba ta da wannan hanya a bakin kaset ɗinta. Idan ka sa na Japan a NES ta adafta, wasan zai yi, amma muryoyin nan uku shiru za ka ji su, kiɗan ya fito da giɓi. Haka lamarin yake da Lagrange Point mai VRC7 da Gimmick! na Sunsoft. A ganina wanda kiɗan ne ya jawo shi, gara ya nemi Famicom ta asali kawai, ya huta da sa mai gyara yana jona waya a cikin NES.

An ce akwai wasannin da ake yi wa ihu?

Gaskiya ne. Hannu na biyu na Famicom ta farko ba shi da maɓallan Start da Select, makirfo aka sa masa. A wasan Zelda na Japan akwai dodo mai manyan kunnuwa, Pols Voice, wanda ihu a makirfon ke kashe shi nan take. NES ba ta da makirfo, haka ma sabuwar Famicom ta 1993 da ake kira AV Famicom, don haka a kansu wannan dabarar ba ta ci.

Wasannin faifai fa?

A 1986 Nintendo ta fitar da Famicom Disk System, akwati ja da ake ɗora Famicom a kansa, mai karanta ƙananan faifai masu launin rawaya. A kansa Zelda da Metroid suka fara fitowa, kuma a wancan lokacin a shaguna a Japan mutum kan biya yen 500 a goge masa tsohon wasa a rubuta sabo. Bai taɓa isa Amurka ko Turai ba. Wanda ya saya yau ya sa a ransa cewa bel ɗin roba da ke juya faifan ya narke ko ya tsinke, irin ciwon da ke kama tsohuwar rediyo mai kaset. Sauya bel ɗin ba wuya, daidaita kan da ke karatu bayan an sauya shi ne aikin.

Zan iya jona ta a gida a Najeriya ko Nijar?

A nan a yi hattara. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240, don haka cajar asali za ta ƙone idan ba a bi ta taransifoma mai rage wuta ba. Kada kuma a ari cajar NES: ita wutar AC take fitarwa, Famicom kuwa DC take so, kuma tsakiyar filoginta ne nagatif. Kuskure ɗaya ya isa ya lalata ta. Sai batun hoto. Famicom ta farko ta kafar eriya kaɗai take fita, a tashoshi 1 da 2 na Japan, cikin tsarin hoton talabijin da ake kira NTSC, mu kuwa ba shi muke bi ba. AV Famicom ta fi sauƙi saboda tana da wayar nan ta rawaya da fari, kuma yawancin talabijin na yanzu suna karɓar NTSC ta nan. Bindigar wasa da ake harbin agwagwa da ita a allo dai sai da tsohuwar talabijin mai ƙeya. A kan filasma ko ka manna bakin bindigar a gilashi ba za ta ci ba.

Kaset ɗin Turai zai yi a kanta?

Sau da yawa yana tashi ta adafta, sai dai gudun ya sauya. Na'urar Japan tana zana hoto sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50. Wasan da aka daidaita wa Turai zai yi sauri fiye da kima a Famicom, kiɗan ya riƙa gaggawa, wasu kuma hotonsu ya hargitse.

Gem ɗin da muka yi a yara, mai kaset rawaya da aka rubuta 9999 in 1, Famicom ce?

Kwaikwayonta ce, yawanci ƙirar Taiwan ko Sin, irin wadda Rashawa suka sani da suna Dendy. Bakinta haƙora 60 ne, saboda haka kaset ɗin Famicom na asali yana shiga kai tsaye, kuma mafi yawansu suna aiki. Inda take gazawa shi ne kaset mai aisi mai sarƙaƙiya kamar MMC5, wanda wasu samfuran ba sa iya ɗauka, ga kuma sautin wasunsu da ke fita a ɗan karkace. Waɗancan kaset-kaset masu dubban wasanni kuma, waɗanda a zahiri 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna, galibi suna tashi a Famicom ta asali, tunda ba ta tambayar kowa izini.