Idan malami ya ce "ki same ni" kafin ki ci jarrabawa: me doka ta tanada?

A ce an liƙa sakamakon jarrabawa a allon sashe. Ɗaliba 'yar aji huɗu ta kutsa cikin cunkoso, ta sa yatsa tana bin layin lambobi har ta kai tata, sai ta ga kwas ɗin nan dai ya sake kayar da ita, karo na biyu ke nan. Ta san abin da ta rubuta. Ta kuma san abin da malamin ya gaya mata ranar da ta kai masa aiki ofis, bayan ya ce ta tura ƙofa: "Ke da alama ba kya son gama makarantar nan. Ki same ni, in ba haka ba muna nan tare." Da ta koma gida ta faɗa wa mahaifiyarta, amsar ba ta wuce wadda aka saba ji ba: "Ki yi haƙuri 'yar nan, ki rufa wa kanki asiri. In babanki ya ji, cewa zai yi karatun ya isa haka. Kuma wa zai aure ki ana yamiɗiɗi da sunanki?"

Tsoron uwar yana da tushe, babu mai musun haka. Sai dai abin da ita da 'yar ba su sani ba shi ne, maganar da malamin nan ya yi a bayan ƙofa laifi ce da ake ɗaure mutum a kanta a Najeriya, kuma an riga an ɗaure farfesoshi a kanta. Mutane da yawa sun ɗauka sai an yi sabuwar doka ta musamman don jami'o'i sannan za a iya taɓa irin waɗannan malamai. Dokokin da ke ƙasa yanzu ma suna da haƙora.

Ta farko ita ce dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, 'yan kwanaki kafin ya miƙa mulki. Tana da wani ƙulli da ya kamata a fara warwarewa: sashe na 47 ya ce a Babban Birnin Tarayya Abuja kaɗai take aiki, kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ce aka ɗora wa kula da ita a can. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Yawancin jihohi sun farga ne bayan 2020, shekarar da aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Binin mai shekara 22 fyaɗe aka kuma kashe ta a cikin cocin da ta shiga yin karatu, har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni. Zuwa 2024 kusan dukkan jihohi sun bi sahu, Kano ce ake ta ambata a matsayin wadda ta rage.

Wannan ya shafi ɗalibi kai tsaye, domin ba a duba ko makarantar ta tarayya ce ko ta jiha. Inda aka aikata laifin ake dubawa. Abin da ya faru a Samaru dokar jihar Kaduna ce za ta hau kansa, duk da cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta tarayya ce. Na Jami'ar Usmanu Danfodiyo dokar Sakkwato, na Jami'ar Abuja dokar tarayya. Jihohi kuma sun ɗan sassauya kalmomi da yawan hukunci a nasu, don haka alƙaluman da zan kawo a nan na ainihin dokar 2015 ne.

Babban abin da VAPP ta canza shi ne ma'anar fyaɗe. A tsohuwar dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada, sashe na 282, fyaɗe abu ne da namiji ke yi wa mace ta hanya ɗaya tak. Sashe na 1 na VAPP ya faɗaɗa: shigar da wani sashe na jiki ko wani abu dabam cikin gaba, ko dubura, ko bakin mutum ba da yardarsa ba, mace ce ko namiji. Ke nan yaron da manyan ɗalibai suka danne a ɗakin kwana shi ma dokar ta san da zamansa. Sannan ta yi magana a kan ita kanta yardar, kuma nan ne ya kamata ɗalibai su buɗe kunne. Yardar da aka samu ta ƙarfi, ko barazana, ko tsoratarwa kowace iri ce, ko yaudara game da abin da za a yi, ko ta hanyar ba mutum abin da zai gusar masa da hankali, doka ba ta ƙirga ta a matsayin yarda ba.

Ku dubi yadda wannan ke rushe hujjar da aka fi kafawa a zauren hira: "Ai da ƙafarta ta je otal ɗin." E, da ƙafarta ta je, amma me ke wuyanta lokacin da take tafiya? In abin da ya kai ta shi ne an ce ba za ta fita daga makarantar ba sai ta je, to mai gabatar da ƙara yana da madafar cewa tsoro ne ya kai ta, kotu kuma ta auna shaidar da ke gabanta. Hukuncin fyaɗe a dokar yana kai wa ɗaurin rai-da-rai, mafi ƙarancinsa ga baligi shekara 12 babu zaɓin tara, in kuwa taron dangi aka yi, shekara 20. Kotu za ta sa a biya wanda aka zalunta diyya, a kuma sa sunan mai laifin a rajistar masu irin wannan laifi, wadda aka ƙaddamar da ta ƙasa a Nuwamban 2019.

To, in abin bai kai ga haka ba fa? Yawancin abin da ɗalibai ke fama da shi a ƙasa da nan yake: kiran waya da tsakar dare, shafa hannu in an zo karɓar takarda, riƙe furojet wata uku a durowa, tsohon saurayin da ke tsare hanya kullum a bakin get. Sashe na 46, inda aka fassara kalmomin dokar, ya ambaci neman lalata da mutum, mace ko namiji, a matsayin sharaɗin cin jarrabawa ko samun aiki, ya kira shi tsoratarwa ta fuskar jima'i. Kalmar jarrabawa tana nan ɓaro-ɓaro a rubuce. Amma ga inda gizo ke saƙa: dokar ta fassara wannan ɗabi'a, ba ta ware mata sashen hukunci nata na kanta ba. Dole mai gabatar da ƙara ya rataya ta a wasu sassan. Bibiyar mutum da addabarsa, sashe na 17, ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka. Tsoratarwa, sashe na 18, shekara 1 ko naira 200,000. Zuba wa mutum wani abu a lemo don a fi ƙarfinsa, sashe na 22, har shekara 10. A ganina tarar ta yi araha, musamman yadda naira ta zube daga 2015 zuwa yau.

Shi ya sa hanyar da ta fi cizo a kan malaman makarantun gwamnati ta fito daga inda ba a zata ba, wato dokar yaƙi da cin hanci ta shekarar 2000 da ta kafa hukumar ICPC. Hikimar mai sauƙi ce. Malamin jami'ar gwamnati ma'aikacin gwamnati ne, maki kuma amana ce a hannunsa. In ya nemi wani amfani don ya ba da maki, ko kuɗi ne ko jiki, cin hanci ya nema. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin shekara 5 babu zaɓin tara ga jami'in da ya yi amfani da kujerarsa don amfanar da kansa ta haramtacciyar hanya. Wannan doka kuwa ko'ina a ƙasar tana aiki, ba ta jiran majalisar jiha.

Da ita aka kama Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. A Afrilun 2018 wani sautin waya ya bazu, ana jin sa yana gaya wa ɗalibarsa sai ta kwana da shi sau biyar zai gyara mata maki. Jami'ar ta kore shi, ICPC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo, ya amsa laifinsa, a Disambar wannan shekara aka yanke masa shekara 2. Sai kuma Farfesa Cyril Ndifon, shugaban tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba, wanda ɗalibansa mata suka fito zanga-zanga da kwalaye a kansa a Agustan 2023. Shi ma ICPC ce ta kai shi kotu a Abuja, aka yanke masa shekara 5 a Nuwamban 2025. Malamin shari'a fa. Raunin wannan hanya shi ne an gina ta a kan kujerar gwamnati, don haka ɗalibar jami'a mai zaman kanta ta fi dogara da 'yan sanda da dokar jiharta.

Yanzu batun kwamitin makaranta. Kusan kowace jami'a da kwaleji tana da kwamitin ladabtarwa, wasu kuma suna da rubutacciyar manufa a kan cin zarafi. Kai ƙara can yana da amfani, don su ne za su iya dakatar da malami, su sa wani ya sake duba takardar jarrabawa, su canza wa ɗaliba mai duba furojet. Amma iyakar ƙarfinsu kora. Ba su da ikon ɗaure kowa, kuma zamansu bai hana a je wurin 'yan sanda ko ICPC a rana guda ba. Na taɓa raka wata 'yar uwa gaban irin wannan kwamiti a wata makaranta. Mutum bakwai a bayan tebur, biyar abokan shan shayin wanda ake ƙara ne, tambayar farko kuma da aka yi mata ita ce wane kaya ta sa ranar. Da muka fito wani dattijo a cikinsu ya biyo mu baranda, ya ce, "Malam, a bar maganar nan a cikin gida, kowa yana da 'ya'ya."

Dokar ta hango wannan "cikin gida". Sashe na 38 ya ce duk wata ƙa'ida da wata cibiya ta kafa don hana kai rahoton irin waɗannan laifuka rusasshiya ce, kuma ba za a kori mai ƙara, ko a dakatar da shi, ko a hukunta shi ta kowace fuska don ya kai ƙara ba. Shugaban cibiyar da ya saɓa wa wannan shi kansa ya yi laifi, yana iya shan wata 6 ko tarar naira 200,000. Wannan sashe ne kuma ya ba wanda aka zalunta haƙƙin samun magani, da kulawar masu ba da shawara, da taimakon lauya. Dokar ta hana wallafa abin da zai tona ko wane ne shi a shari'ar. Akwai kuma umarnin kariya a sashe na 28, wanda kotu ke bayarwa don a hana mutum kusantar wanda yake addaba, kuma ba lallai sai mai abin ya nema da kansa ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya ko malami na iya nema masa da izininsa.

Duk wannan ba ya tafiya sai da shaida, kuma a nan ne ake yawan yin asara tun ranar farko. Ɗaliba ta ga saƙon banza a WhatsApp, ranta ya ɓaci, ta goge, ta toshe lambar. Ta goge shari'arta ke nan da hannunta. Sautin waya ne ya tona Akindele, kuma dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta in an cika sharuɗɗa. A bar saƙon yadda yake, a ɗauki hotonsa da lamba da kwanan wata a jiki, a tura wa wani amintacce, a rubuta rana da wurin da kowace magana ta faru. Yaɗa shi a Facebook kafin a kai ga hukuma yana iya juyowa kan mai yaɗawar da ƙarar ɓata suna.

In kuwa fyaɗe ne, asibiti ke gaba da komai, kafin wanka in da hali, a tafi da kayan da ke jiki. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan: Salama a jihar Kaduna, Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, Nana Khadija a Sakkwato. Rahoton likitan da aka rubuta a ranar ya fi rantsuwar mutum goma bayan wata shida.

Saura ƙudurin nan da ake ta jira, wato na dokar musamman da za ta hana malamai neman ɗalibai da lalata a manyan makarantu. Sanata Ovie Omo-Agege ya fara kawo shi a 2016, ya sake dawo da shi a Oktoban 2019 bayan binciken ɓoye kan malamai masu neman lalata don maki da BBC ta yi a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, Majalisar Dattawa ta amince da shi a Yulin 2020, amma wa'adin waccan majalisa ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Abin da ya ƙunsa ya fi na VAPP tsauri: ɗaurin shekara 5 zuwa 14 ga manyan laifuka, tilasta wa kowace makaranta kafa kwamiti mai zaman kansa, da kuma cewa yardar ɗaliba ba ta zama kariya ga malami, sai dai in matarsa ce. Ya kuma tanadi hukunci ga wanda ya yi ƙarar ƙarya.

Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta soke shi a zaman jin ra'ayin jama'a, ta ce an ware malaman jami'a an sa musu ido alhali ana irin wannan a ma'aikatu da kamfanoni, kuma dokokin da ake da su sun isa. Rabin maganar gaskiya ce, ana yi a ko'ina. Amma ma'aikaciyar banki tana iya ajiye aiki ta nemi wani. 'Yar aji huɗu da maki ɗaya ya riƙe ba ta da inda za ta kai shekara huɗunta, kuma wanda take ƙara shi ne mai jan biro a kan takardarta har ranar da shugaban sashe ya ga dama ya karɓe ta daga hannunsa.