Gaiwa

Gaiwa kifi ce mai huhu da ke rayuwa a fadamu da tafkunan Afirka ta Yamma, daga kogin Senegal da Gambiya zuwa kogin Neja da Tafkin Cadi. Masana kimiyya suna kiranta Protopterus annectens. Jikinta dogo ne mai santsi, tsawonta kan kai mita ɗaya, kuma a gurbin fukafukai tana da siraran gaɓoɓi huɗu kamar zare. Iska take shaƙa. Idan aka hana babbar gaiwa leƙowa saman ruwa, sai ta mutu a cikinsa.

Barcin rani

Abin da ya fi jan hankalin masana game da gaiwa shi ne yadda take tsallake rani. Da ruwa ya fara janyewa sai ta shiga haƙa rami a cikin laka da bakinta, tana fitar da taɓon ta ramukan da ke gefen kanta. Can ciki take naɗewa, ta rufe kai da wutsiya. Fatarta na fitar da yauƙi mai yawa, ya bushe ya zama kwanson da ya lulluɓe ta duka, sai ƙaramar kafa a wajen baki inda iska ke shiga.

A wannan hali ba ta ci, ba ta sha. Bugun zuciyarta na raguwa, ƙarfin da take buƙata kuwa daga tsokar jikinta take samo shi, abin da ya yi daidai da faɗin Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci. Dattin da sauran kifaye ke zubarwa cikin ruwa ita mayar da shi take yi yuriya, sinadarin da manoma suka sani a takin zamani, ta tara a jiki har damina ta faɗi. A fadama barcin na ɗaukar watanni ne, amma a ɗakin bincike an ga waɗanda suka kai shekara uku ko fiye.

Tarihin bincike

Richard Owen, masanin dabbobi na Ingila, ne ya bayyana gaiwa a rubuce a 1839. A zamanin an yi ta musu ko kifi ce ko dangin kwaɗi. Burbushin kakanninta da aka tono a duwatsu ya kai kimanin shekara miliyan 400. Yau kifaye masu huhu iri shida suka rage: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Yawancin masana na ganin su ne kifayen da suka fi kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. A 2021 an karanta kundin ƙwayoyin halittar gaiwa, aka tarar ya ninka na ɗan'adam kusan sau 13.

Haihuwa da amfani

Da damina take yin ƙwai a rami cikin ciyayi, namijin ne ke gadinsu. Ana cin ta, kuma da rani akan haƙo ta daga busasshiyar fadama.